Raƙuman dawa biyu a kan dutsen Dabus

Gidanmu gidan dukawa ne a cikin garin Sakkwato. Tun ban iya riƙe basilla ba nake zama gefen Baba ina kallon yadda yake fitar da ado a kan jar fata: ya ja layi da bakin wuƙa, ya ɗaga saman fatar a hankali, ya ɓare shi siriri kamar ɓawon albasa, farin ciki ya bayyana a tsakiyar ja. Na fara da wannan ne don ku san da wane ido na kalli abin da zan ba ku labarinsa. Ni ba malamin tarihi ba ne. Baduku ne da ya ga aikin wani mai sana'a, har yau abin bai sake shi ba.

A wani hunturu, kafin rufe iyakar nan ta 2023, na raka Kawu Agadas. Shi ya daɗe yana kai wa dukawan can jemammiyar fatar akuya, ya dawo da dabino da cuku da gishirin Bilma. Mun fita ta Illela, muka tsallaka Birnin Ƙwanni, muka kwana Tawa. Daga Tawa zuwa Agadas kimanin kilomita 400 ne, ta Abalak, kuma a wannan tsakanin ne mutum ke ganin itatuwa suna raguwa suna gajercewa har ido ya daina nemansu. Hanyar ta ci mu, ba zan ɓoye ba. Ga ramuka, ga shingayen jandarmomi, ga ƙurar da ke shiga har cikin haƙori.

Agadas kuwa ba ta yi mini kamar baƙon wuri ba. Hausa ake yi a kasuwa, kuma Hausar tasu ta fi kusa da tamu ta Sakkwato a kan ta Kano. Na tsaya gindin doguwar hasumiyar nan ta babban masallacin garin, ginin ƙasa, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515, ina tuna cewa Shehu Usmanu ya zo garin nan neman ilimi wajen Malam Jibrilu ɗan Umar. A lissafina na lokacin, na taɓa tsohon abu ke nan. Shekara 500 ai ba wasa ba ce.

Kwana na huɗu Kawu ya ce za mu Arlit, akwai wanda yake bi kuɗin fata. Muka shiga motar wani Ba'abzine da suka saba da juna, irin buɗaɗɗun nan masu jure yashi. Mun fita bayan Asuba, sanyi kamar ya tsaga kunne. Da muka yi kusan rabin hanya sai direban ya rage gudu, ya waiwayo ya tambaye ni ko na taɓa ganin raƙumin dawa. Na ce a hoto kawai. Ya ce akwai guda biyu a nan kusa, kilomita kaɗan daga kwalta, kuma ba sa gudu, don a jikin dutse suke.

Kawu ya ce, "Dutsi? Mi za mu gani ga dutsi? Mu da munka hito neman kuɗinmu."

Na ce, "Kawu, don Allah. Ko rabin awa."

Ya yi shiru yana jan casbaha, can ya ce to, amma kar rana ta yi mana a can.

Motar ta bar kwalta ta shiga fili. Ba alama, ba allo babba irin wanda mutum zai yi zato. Mun tsaya kusa da wata rumfa, inda wani dattijo ya fito da rawaninsa ya rufe baki da hanci, idanu kaɗai a waje. Yana cikin masu gadin wurin. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, da ya ji daga Sakkwato muke sai ya ƙara riƙe hannun Kawu ya ce, "Mutanen Shehu." Daga nan ya wuce gaba muka bi shi.

Tafiyar ba ta da nisa. Da a cikin gari ne, bai fi daga ƙofar gidanmu zuwa masallacin Juma'a ba. Amma tafiyar yashi daban ce, kowane taku sai ƙafa ta nutse ta dawo da rabinsa baya. Mun bi gefen wata busasshiyar ƙorama, inda 'yan itatuwan ƙaya, dangin bagaruwar da ake jima da ita, suka tsaya jefi-jefi, sai tumfafiya nan da can. Shirun wurin ne ya fara kama ni. A Sakkwato ko tsakar dare sai ka ji babur ko kukan jaki ko injin wani maƙwabci. A nan kuwa ina jin numfashin Kawu a bayana, ina jin ƙarar yashi a ƙarƙashin takalmin dattijon da ke taku goma a gabana.

Sai ga tarin duwatsu jajaye-jajaye sun taso daga fili, irin dutsen yashin nan mai laushi. Tun daga ƙasa dattijon ya fara nuna mana da sandarsa, ba ya taɓawa. Da farko ban ga komai ba sai tsage-tsage. Ya ce in matsa gefe, in bar rana ta zo ta kafaɗata. Ina matsawa sai saniya ta fito, da ƙahonninta da komai. Kusa da ita wata. Ga jimina da dogon wuya. Ga barewa. Da idona ya gane yadda ake kallo sai na ga ashe duk inda na juya akwai wani abu, kamar yadda in ka ga tururuwa ɗaya sai ka ga layinsu gaba ɗaya.

Wani Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, Christian Dupuy, shi ya fara rubuta labarin wurin, wato Dabus, ga duniyar masana a 1987, ko da yake mutanen yankin sun san da shi tun kaka da kakanni. Da aka ƙirga zanen da ke jikin duwatsun an samu 828. A ciki 704 dabbobi ne, 61 siffar mutane, akwai kuma rubutun Tifinag na Abzinawa. Kusan rabin dabbobin shanu ne. Wannan ya tsaya mini a rai. Shanu, a wurin da yau ko akuya sai ta yi da gaske. Kawu, wanda ya zo yana gunaguni, shi ne ya durƙusa gaban wata saniya ya daɗe, sannan ya ce wa dattijon, "Wagga ai kiwo anka yi nan." Dattijon ya gyaɗa kai.

Ban ga raƙuman dawan ba tukuna, na tambaya. Ya nuna sama. Daga ƙasa ba a ganinsu sam, sai an hau.

Hawan ba shi da wuya, amma sai da hannu. Da muka kusa kaiwa dattijon ya tsaya ya cire takalminsa, ya dube ni. Na cire nawa. Ina ɗaga ƙafa zan taka wani shimfiɗaɗɗen wuri sai ya riƙe mini hannu da ƙarfi ya ce, "Ɗana, ba nan ba." Na duba inda zan sa ƙafar. Kofato ne. Kofaton raƙumin dawa, an sassaƙa shi har da tsagar tsakiya. Kunya ta kama ni ƙwarai, na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, kowa haka yake yi, shi ya sa suke zaune a nan.

Na ja da baya, na bi ƙafar da ido. Ta yi sama, ta yi sama, ta shiga ciki, ciki ya zama ƙirji, ƙirji ya zama wuya, wuyan ya tafi can har sai da na ɗaga haɓa. Tsawon babban mita 5.4 ne, wato girman dabbar a raye. Shi ne namijin. A bayansa ga ƙarama, macen. Suna kwance a jikin dutsen da ya ɗan karkata, rana ta safe tana dukansu daga gefe, kowane rami ya cika da inuwa. Na rasa abin faɗa sai tasbihi.

A nan ne idon sana'a ya tashi. Na zauna a gefe, inda aka ce in zauna, na fara bin aikin kamar yadda Baba ke bin aikin almajiri.

Layin waje mai zurfi ne, kuma ba a yi shi da karce ɗaya ba. An sare, an maimaita, sannan an goge cikinsa har ya yi santsi. Wanda ya taɓa jan dogon layi a kan fata ya san inda hannu ke rawa: wajen lanƙwasa. Na bi lanƙwasar wuya, na bi ta gwiwa, na bi inda ciki ke haɗuwa da cinya, ban ga inda hannun ya yi shakka ba. Sai zanen jiki, dabbare-dabbaren nan na raƙumin dawa. Ba a watsa su kamar ɗigon tawada ba. Kowane ɗaya an zagaye shi da nasa layin, kowane da nasa kusurwoyin, ba biyu iri ɗaya, kuma sun zauna da juna kamar fasassun ƙwarya da aka jera ba a haɗe ba. A jiki manya ne, suna tafiya suna canja girma yadda jikin dabbar ya nema. Wannan shi ne ainihin abin da muke wahala a kai in muna cika fili da ado: ka sa ƙananan siffofi su bi jikin babbar siffa, kar su yi faɗa da ita. Mu da wuƙar ƙarfe muke yi, a kan fata mai laushi, a inuwar zaure, in ka ɓata ka ɗauko wata. Shi wannan bawan Allah ba shi da ƙarfe, don a zamaninsa ba a san shi ba. Dutse ya sa ya ci dutse, mai tauri a kan mai laushi, kuma kuskure ɗaya ya zauna ke nan har abada.

Masana sun kiyasta shekarun aikin tsakanin 6,000 zuwa 8,000. Na tuna hasumiyar da na tsaya gindinta ina jinjina shekara 500, na yi lissafi a zuci: sai ka jera irin shekarunta sau goma sha biyu kafin ka kai ko mafi ƙarancin kiyasin.

Direbanmu ya ce mutane da yawa in sun zo cewa suke aikin aljanu ne. Kawu ya ce a wajenmu da an ce Samudawa ne, don duk abin da ya fi ƙarfin hankalinmu su muke ba. Ni ban yarda da ko ɗaya ba, kuma na faɗa a wurin. Aljani ba ya bukatar ya goge layi sau ɗari. Wannan gumin ɗan Adam ne, mai ciwon baya da kanta a tafin hannu. Kuma mutum ne da ya san dabbar nan sani na kusa, ya ga yadda take tsayuwa, yadda ƙafafun gaba suka fi na baya, yadda gashin wuya yake tsaye, yadda 'yan ƙahonnin suke. Ba a ba shi labari ba. Yana iya yiwuwa daga kan dutsen nan da nake zaune ya riƙa kallonsu suna cin ganye a bakin ƙoramar da muka biyo.

Akwai wani abu da dattijon ya bari sai a ƙarshe. Daga bakin kowane raƙumin dawa wani siririn layi ya sauko, ya yi ta tafiya har ya ƙare a kan wani ɗan ƙaramin mutum da aka zana a ƙasa. Kawu na gani ya ce, "Akala ce." Masu bincike sun kawo fassarori: wasu sun ce farauta ce, wasu sun ce ƙoƙarin sabar da dabbar ne, wasu sun ce alaƙa ce ta imani ko tatsuniyar mutanen. Abin da ya ja hankalina ni shi ne bambancin aikin. Dabbar an ba ta dukkan ƙwarewa da lokaci. Mutumin kuwa 'yan layuka ne kawai, ɗan mitsitsi a gindinta. Mai aikin ya san yadda ake fitar da siffa, da ya so da ya ƙawata ɗan'uwansa mutum. Bai yi ba. Na daɗe ina kallon wannan ɗan mutumin.

Mun sauko muka zauna a rumfa, aka ɗora shayi a kan gawayi. Kawu da ke cewa kar rana ta yi mana, shi ya zauna har kofi na uku. A nan dattijon ya ba mu labarin abin da wurin ya gani: masu hawa da takalmi suna taka zanen, masu karce sunayensu a gefe, da masu fasa guntu su tafi da shi. Ya faɗi wannan na ƙarshen ne a hankali, kamar mai ba da labarin rasuwa. Dutsen yashi ba ya jure taku. Abin da ya tsallake shekara dubbai na iska da rana, tafin takalmi na iya cinye shi a 'yan shekaru. Saboda haka ne a 1999 aka zo aka ɗauki samfurin zanen gaba ɗaya, aka zuba irinsa da alminiyom, aka kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas. An kuma haƙa rijiya a kusa don masu gadi su iya zama da iyalansu. Na ga amfanin kwafin, amma ina gaya muku ba zai ba ku abin da hawan nan ke bayarwa ba: ka zo da ƙafarka ta cikin yashi, ka ga babu ko ciyawa, sannan ka ɗaga kai ka ga dabbar da ba ta rayuwa sai inda akwai itatuwa.

Wannan tambayar ce na dawo da ita Sakkwato. Me raƙumin dawa yake ci a can? Ƙanena da ke karatun labarin ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ya warware mini, muna zaune a ƙofar gida bayan Isha'i. Ya ce in tuna katantanwar da muke murzawa muna yara, yadda take juyawa tana kuma ɗan layi. Haka duniya take, sai dai layinta ɗaya yana ɗaukar shekara 20,000 da ɗoriya. Akwai lokacin da wannan layin ke sa zafin bazara ya ƙaru a arewacin duniya, ƙasa ta yi zafi sosai ta jawo iskar teku mai ɗauke da ruwa, irin wadda ke kawo mana damina daga kudu maso yamma, ta wuce da ita can cikin arewa. Daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce haka abin yake. Sahara tana da ciyawa da tafkuna da koguna, Tafkin Cadi kuwa ya ninka na yau sau da yawa.

Ya ce ba zane kaɗai ne shaida ba. A Gobero, cikin hamadar Tenere, ayarin wani Ba'amurke mai suna Paul Sereno da ke neman ƙasusuwan manyan dabbobin farko sun ci karo da maƙabarta a shekarar 2000, kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, tare da ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina. A ciki akwai kabarin wata mata da yara biyu, an kwantar da su suna rungume da juna. A nan gida Najeriya ma, a Dufuna ta Jihar Yobe, wani Bafulatani yana haƙa rijiya a 1987 ya tono kwalekwale mai tsawon mita 8 da ya kai shekara 8,000. Shekarar da aka rubuta labarin Dabus ke nan. Wataƙila lokacin da wani ke sassaƙa itace a Dufuna, wani yana sassaƙa dutse a Dabus.

Su kansu raƙuman dawan yankinmu ba su ƙare ba, amma saura ƙiris. A 1996 waɗanda suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce 50 ba, a wajen Kure, kusa da Yamai. Da aka tsaya musu sun haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai dajin Gadabeji. Na ji daɗin wannan labarin fiye da yadda zan iya bayyanawa, kamar an ce mini dangin wani da na sani suna nan da rai.

Tun daga lokacin, in na bi hanyar Illela na ga yashi ya kwanta a gonakin da tsofaffi ke cewa da can daji ne, ko na ji ana maganar yadda tafkin Kalmalo ya ja baya, sai gabana ya faɗi ta wata fuska da ban saba ba. Na san dalilan ba ɗaya ba ne, namu na yau akwai hannunmu a ciki, da gatari da gawayi. Amma na taka ƙasar da ta taɓa ciyar da garken shanu, na ga abin da ta koma. Ayar nan da ke cewa mu yi tafiya a cikin ƙasa mu duba, na sha jin ta a wajen tafsiri. A kan dutsen nan na ji nauyinta.

Hotunan da na ɗauka da waya na kai wa Baba a zaure. Idonsa ya yi rauni, sai da na buɗa masa hoton da yatsu biyu, ina ja masa daga kofato zuwa kai. Bai ce komai ba har muka kai wuya. A nan ya ce in tsaya. Ya kawo fuskarsa kusa, ya bi dabbare-dabbaren da farcen babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Wanga ya san hwata."

Na ce masa ina so in gwada fitar da shi a kan matashin fata. Ya ce dabbar dai a'a, mu ba mu zana mai rai, amma zanen jikinta ado ne kamar kowane ado, in ɗauka. Na rina fata da karan dafi, na zauna da wuƙa. Fata uku na ɓata kafin na gane cewa ba dabbaren ake fara yankawa ba, hanyoyin da ke tsakaninsu ake fara bi, su kuma su fito da kansu. Ta huɗun tana nan a zaure, Baba ke jingina da ita in ya gaji. Wani mai saye daga Kano ya taya ta har sau biyu, Baba ya ce masa ba ta sayarwa ba ce, ya zaɓi wata.